Georg Joseph Beer (1763–1821): Likitan Ido Na Talakawan Birnin Biyana

A wannan mako filinmu na tarihin mashahuran mutane zai kai mu ƙasar Ostiriya, can tsakiyar Turai, domin mu ji labarin wani likita da ya rasu fiye da shekara 200 da suka wuce. Sunansa Georg Joseph Beer. Wataƙila babu ko mutum ɗaya a Baure, ko Zango, ko Sandamu da ya taɓa jin wannan suna. Amma duk tsohon da aka kai asibitin ido a Kano ko Katsina ana jansa da sanda, ya komo gida yana tafiya da ƙafarsa, ya ci moriyar aikin da wannan mutum ya kafa harsashinsa. Matsalar da ya yi fama da ita a zamaninsa kuwa tana nan da ranta a ƙauyukanmu, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihinsa.

Yadda ake aikin ido kafin zuwansa

Kafin mu shiga tarihin, bari mu ɗan bayyana ciwon da ya fi shahara a kansa, watau yanar ido. A cikin ƙwayar idon kowane mutum, bayan ɗan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan abu mai siffar ƙwayar wake, garau kamar ruwan sama, wanda yake tattara haske domin mutum ya ga abu sarai. Za mu kira shi madubin ido. Sa'ad da shekaru suka ja, wannan madubi yakan dushe, ya yi fari. Mutum ya fara gani kamar cikin hazo, a kwana a tashi har ya zama ba ya rarrabe komai sai dare da rana. Wannan ita ce yana. Tana cikin ido, ba a bisansa take ba, saboda haka babu kwalli ko ruwan ganye da zai wanke ta.

Tun zamanin dā mutane suka gano wata dabara. Akan soka allura ko wani tsinken ƙarfe ta gefen ido, a ture madubin da ya dushe ya fāɗa can cikin ƙwayar ido, ya kauce daga hanyar haske. An yi haka a Indiya, da Masar, da ƙasashen Larabawa, da Turai. Nan take majinyaci yakan ga haske, ya ga inuwar mutane, har ya ƙidaya yatsu, 'yan kallo su yi ta mamaki. Wahalar takan biyo baya. Madubin da aka ture yana nan cikin ido, yakan jawo kumburi da zafi mai tsanani, ko ya toshe hanyar ruwan ido, ko kuwa ƙazantar allura ta sa idon ya ruɓe. Bayan 'yan makonni idon ya mutu, mutuwar da ba ta da magani.

A Turai ta wancan lokaci wannan sana'a tana hannun masu yawo gari gari. Sukan sauka ran kasuwa, su tara jama'a, su yi aiki, su karɓi kuɗi, kafin ido ya kumbura sun yi nisa. Har manyan mutane ba su tsira ba. Johann Sebastian Bach, mashahurin mai tsara waƙoƙin sujada na ƙasar Jamus, wani irin wannan mai yawo ɗan Ingila mai suna John Taylor ya yi masa aiki sau biyu a shekarar 1750. Bai warke ba, a cikin wannan shekara kuma ya rasu.

Wani likitan Faransa, Jacques Daviel, shi ya nuna hanya mafi kyau. Tun daga 1747 ya fara tsaga gaban ido ya fitar da madubin waje ɗungum, a 1752 kuma ya bayyana wa masana a birnin Faris yadda yake yi. Sai dai aikin yana da wuya ƙwarai, waɗanda suka iya shi kaɗan ne, yawancinsu kuma suna ɓoye shi kamar asirin gado.

Haihuwarsa da shekarun wahala

An haifi Beer a Biyana, babban birnin Ostiriya, ran 23 ga Disamba, 1763. Da fari ilimin tauhidi ya soma karantawa, daga baya ya juya ga aikin likita. Yana da wata baiwa da ta taimake shi dukan ransa, watau iya zane. Wannan baiwa ce ta kai shi wurin Joseph Barth, mutumin tsibirin Malta, wanda yake malamin ilimin sassan jiki da ciwon ido a Jami'ar Biyana tun 1773, kuma likitan idon Sarki Joseph na Biyu.

Shekara bakwai Beer ya yi yana yi wa Barth zanen sassan jikin mutum, yana sa zuciya maigidan zai koya masa aikin yana. Barth bai koya masa ba. Da lokacin zaɓen magaji ya yi, sai ya ɗauki wani saurayi dabam mai suna Johann Adam Schmidt. Daga baya Beer ya riƙa tuna waɗannan shekaru a matsayin shekarun azaba, tsakaninsa da mutanen nan biyu kuwa ba a ƙara shan inuwa ɗaya ba.

Duk da haka shekarun ba su tafi a banza ba. Mai zane dole ya kafa wa abu ido har ya san kowane layi da kowane launi nasa. Wanda ya shekara bakwai yana wannan, idonsa ya horu da ganin abin da wasu ba sa lura da shi. A 1786 Beer ya sami takardar shaidar likita, yana da shekara 22. Ba shi da dukiya, ba shi da uban gida a fāda. Abin da aka hana shi, ya koya wa kansa ta wurin karatu da gwaji da naciya.

Ɗakuna biyu a gidansa

A nan ne ya yi abin da ya bambanta shi da sauran. Ya buɗe wurin duba masu ciwon ido a gidan da yake zaune, ya keɓe ɗakuna biyu domin matalauta, yana kwantar da su yana yi musu aiki kyauta, kuɗin kuwa daga aljihunsa. Ya yi shekara wajen 20 a kan haka kafin hukuma ta waiwaye shi. Sai a 1806 aka amince da aikin nasa a matsayin wurin jinyar ido na talakawan birni. Zamanin kuwa ba mai sauƙi ba ne, gama sojojin Napoleon na Faransa sun mamaye Biyana har sau biyu, a 1805 da 1809.

Mu lura da abin da waɗannan ɗakuna biyu suka haifar. Mai yawo yakan ga majinyaci rana ɗaya tak, ranar murna. Beer kuwa yana nan gobe, yana nan jibi, yana nan bayan wata shida. In ido ya kumbura a gabansa zai kumbura, in ya lalace shi za a zo a nuna wa. Saboda haka ya san sakamakon aikin hannunsa, mai kyau da marar kyau, yana rubutawa, yana zanawa, yana gyara kuskure. Talakawan da ya yi wa jinya kyauta su ne suka zama makarantarsa. Ya taimake su, su kuma suka mai da shi gwani.

Daga cikin wannan aiki ya ƙera wata 'yar wuƙa mai kusurwa uku, siririya a baki, tana faɗaɗa zuwa baya. Amfaninta shi ne, da turawa ɗaya take yanka ƙofar da za a fitar da yana, faɗinta kuma yana toshe yankan yadda ruwan ido ba zai tsiyaye kafin a gama ba. An daɗe ana aiki da ita a ƙasashe da yawa, ana kiranta wuƙar Beer. A 1798 kuma ya bayyana hanyar buɗe wa haske sabuwar ƙofa, ta wurin yanke ɗan yanki daga bakin zoben nan mai launi na cikin ido, domin wanda hakiya ko tabo ya rufe masa tsakiyar ido.

Kada mu manta da halin da ake aiki a lokacin. Babu maganin sa barci, gama sai a 1846 aka fara amfani da shi. Babu maganin kashe zafin ido. Ba a san ƙwayoyin cuta ba tukuna. Babu wutar lantarki, sai hasken taga. Majinyaci yana zaune a kujera ido biyu, mataimaki ya riƙe masa kai ya ɗaga fatar ido, likita kuwa dole ya gama cikin 'yan mintoci, hannunsa bai yi rawa ba.

Littattafansa

Beer bai bi halin maigidansa na ɓoye sani ba. Tun 1791 ya buga littafi a kan abin da ya lura da shi game da yana. A 1800 ya rubuta wani domin jama'a, ba domin likitoci ba, a kan yadda mutum zai kula da idonsa, lafiyayye ko raunana, aka kuwa juya shi zuwa harsuna da dama. A rubuce-rubucensa na jama'a ya gargaɗi mutane a kan masu maganin ƙarya da masu tallar tabarau barkatai, ya kuma yi magana a kan yaran da ake gajiyar da idanunsu da karatu a wurin da babu isasshen haske.

Babban aikinsa shi ne littafin koyar da cututtukan ido mai juzu'i biyu, na fari a 1813, na biyu a 1817. Hotunan da ke ciki masu launi daga zanensa aka ɗauko su. Ɗalibin da bai taɓa ganin wata cuta ba yana iya gane ta ran da ya gamu da ita, domin ya riga ya gan ta a takarda. Shekaru da yawa wannan littafi ne madogarar masu koyon aikin ido a Turai.

Ba mu ce duk abin da ya koyar daidai ne ba. Shi ɗan zamaninsa ne. Yadda ya rarraba cututtukan kumburin ido ya dogara ga tsohon tunani da aka bari bayan an gano ƙwayoyin cuta. A 1799 ya kawo wata hanya ta fitar da yana tare da jakarta gaba ɗaya, Schmidt ya yi gardama da shi a kai, hanyar kuwa ba ta karɓu a lokacin ba. An kuma san shi da kaifin harshe wajen jayayya. Har ila yau, gardama tsakanin turewa da fitarwa ba ta ƙare a ransa ba, gama babban likita kamar Antonio Scarpa na Italiya yana goyon bayan turewa. Sai da kayan aiki da tsabta suka inganta aka rufe wannan magana.

Asibitin koyarwa na farko

A 1812, yana da shekara 48, aka naɗa Beer malamin ciwon ido a Jami'ar Biyana, aka ba shi sashe na kansa a Babban Asibitin birnin, wanda Sarki Joseph na Biyu ya buɗe a 1784. Sashen ƙarami ne, ɗakuna biyu da 'yan gadaje. An riga an buɗe asibitin ido a Landan a 1805, wanda aka sani yanzu da suna Moorfields, amma na Biyana shi ne sashen ido na jami'a na farko a duniya, inda jinya da koyarwa suke tafiya tare. A 1818 aka ɗaga shi zuwa cikakken farfesa, ilimin ido kuma ya tsaya da ƙafarsa cikin darussan masu koyon likita.

Yadda yake koyarwa shi ne a bakin gado. Ɗalibi ya duba idon da kansa, ya faɗi abin da ya gani, ya riƙe wuƙa a gaban malam. Abin da aka hana Beer yana saurayi, shi ya riƙa bayarwa hannu sake ga duk wanda ya zo.

Bai daɗe da samun wannan matsayi ba sai ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya kāsa aiki. Ya rasu a Biyana ran 11 ga Afrilu, 1821, yana da shekara 57. Anton Rosas, ɗaya daga cikin ɗalibansa, ya gāji kujerarsa.

Abin da ya tsiro daga ɗalibansa

Shekarun da ya yi a kan kujerar koyarwa ba su kai goma ba, amma dubi inda irin ya bazu. William Mackenzie ya koma Sikotilan, ya kafa asibitin ido a Gilasgo tare da wani abokin aikinsa a 1824. George Frick ya koma Amurka, ya buga littafin cututtukan ido na farko da ɗan ƙasar ya rubuta, a 1823. Friedrich Jaeger ya auri 'yar Beer, ɗansu Eduard Jaeger kuwa shi ya tsara takardar gwajin karatu mai manya da ƙananan baƙaƙe wadda har yanzu ake kira da sunansa.

Wani ɗalibin, Johann Fischer, ya koyar a birnin Firag, ya horar da Ferdinand Arlt. Arlt ya zo ya riƙe kujerar Biyana daga 1856 zuwa 1883, ya horar da Ernst Fuchs, wanda littafinsa na 1889 ya zagaya duniya. A wannan Babban Asibiti na Biyana ne kuma, a 1884, wani saurayin likita mai suna Karl Koller ya gano cewa ana iya ɗiga magani a ido ya kashe zafi, a yi aiki majinyaci bai ji komai ba. Wasu ƙasashe suka ƙara nasu. Hermann Helmholtz na Jamus ya fito da na'urar leƙa cikin ido a 1851. Harold Ridley na Ingila, wanda ya taɓa aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ya sa madubin roba na farko a idon mutum a 1949, a madadin wanda aka cire.

Wannan sarƙa ta iso ƙasar Hausa. A 1943 mishan na SIM suka buɗe asibitin ido a Kano ta hannun Dokta Douglas Hursh, wanda daga baya ya koma hannun ECWA. Majinyata suka riƙa zuwa daga ko'ina cikin Arewa da maƙwabtan ƙasashe, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Bayansa aka sami Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da sassan ido a asibitocin koyarwa da na jihohi, har da Katsina. Tsarin duka ɗaya ne da na ɗakunan nan biyu: likita yana zaune wuri guda, ana saninsa, ana komawa wurinsa, yana kuma koya wa na baya.

Ina muka tsaya?

To, 'yan'uwa, ga inda labarin ya shafe mu. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a dukan Nijeriya. An tarar cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, wajen 4 cikin kowane 100 makafi ne, watau mutum fiye da miliyan ɗaya. Yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 irin wadda za a iya hanawa ne ko a warkar. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, kusan rabi turewa aka yi musu irin ta gargajiya, abin ya fi yawa a Arewa, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanu an same su a makance.

Ashe abin da Beer ya yaƙa a Biyana bai zama tarihi a wurinmu ba. Ba za mu yi saurin ganin laifin tsofaffinmu ba kuwa. Tsohuwar da ke wani ƙauye a ƙasar Baure, kusa da iyakar Nijar, in za ta Kano sai an nemi kuɗin mota ta Ɓaɓura ko ta Daura, na mutum biyu, gama ba ta iya tafiya ita kaɗai. Sai an bar gona ko kasuwa, sai an nemi masauki. Mai turewa kuwa har ƙofar gida yake zuwa, yana jin harshenta, yana karɓar akuya ko hatsi, ga shi kuma a ranar za ta ga haske. Ran da idon zai kumbura ya riga ya tsallaka wani gari. Araha ba ta ado.

Tarihin Beer ya nuna mana yadda aka ci wannan yaƙi a ƙasarsa. Ya yi rubutu a kan masu yawo, gaskiya ne, amma abin da ya janye mutane daga hannunsu shi ne ƙofar da ya buɗe wa wanda ba shi da ko anini, da ɗaliban da ya horar suka bazu. Muddin asibiti ya fi ƙarfin talaka, mai allura ba zai rasa kasuwa ba.

Saboda haka akwai abin da kowannenmu zai iya yi. Mu san cewa yana tana warkewa. Aikinta a asibiti yau ba ya kai sa'a guda, ana kashe zafin ido, a fitar da madubin da ya dushe, a sa na roba, sau da yawa washegari mutum yana gani. Ba lalle sai mutum ya makance sarai kafin a kai shi ba. Mu kuma sani ba kowane dushewar gani ne yana ba. Akwai hawan jinin ido, wanda yake cin gani a ɓoye, abin da ya ci kuwa ba ya komowa, sai likita ne zai rarrabe su. Kada mu bari a sa wa kowa allura, ko ruwan ganye, ko wani gari a ido. Idon da aka riga aka ture ma a kai shi a duba, wani lokaci tabarau ko magani yakan ceci abin da ya rage.

Ƙungiyoyinmu na zumuntar mata da na matasa suna iya ɗaukar wannan nawaya. A ƙidaya tsofaffin unguwa da suka daina fita saboda ido, namu da na maƙwabtanmu ba tare da bambanci ba. A tara kuɗin mota, a sami wanda zai yi rakiya, a kasa kunne ga sanarwar aikin ido kyauta da akan yi a manyan asibitoci lokaci lokaci. Tsoho ɗaya in ya sami ganinsa, an 'yantar da mutum biyu ke nan, shi da yaron da aka cire daga makaranta domin ya riƙa yi masa jagora. 'Ya'yanmu masu karatun aikin jinya da na likita kuma, muna roƙo wasunsu su zaɓi fannin ido, su kuma yarda su zauna kusa da gida.

Georg Joseph Beer bai fara da babban asibiti ba. Da ɗakuna biyu ya fara, a gidan da yake kwana, ya kuwa yi shekara 26 kafin a ba shi kujerar koyarwa. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Allah ya ba mu irin wannan zuciya.